Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokokin Jihar Bauchi: A Yanka Wa Yankari Kasonta Da Doka

Mai girma Kakakin Majalisa, da masu girma wakilanmu 31 da ke zauren,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da jama'a suka ɗora muku.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, haifaffen ƙasar Alkaleri, kuma gonar da na gada daga mahaifina ba ta da nisa da iyakar gandun dajin Yankari. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙonku ku yi dokar da za ta yanka wa Yankari da sauran gandayen dajin jihar nan kuɗi tsayayye, wanda zai riƙa fita kowane wata, ko wa ke kan mulki, kuma ko ana sha'awar daji a Gidan Gwamnati ko ba a yi. Ku na rubuta wa ban rubuta wa gwamna ba, domin gwamna wa'adinsa shekara huɗu ne, in ya daɗe takwas. Giwa kuwa wata 22 take ɗauke da ciki, kuma tana iya kai shekara 60 a duniya. 'Yar giwar da aka haifa a bakin kogin Gaji a daminar bana za ta ga gwamnoni bakwai ko takwas kafin ta tsufa. Dabba mai irin wannan tsawon rai ba za a rataya abincin mai gadinta a kan ra'ayin mutum ɗaya ba. Sai doka, doka kuma a hannunku take.

Ku yi mini haƙuri in tuna muku yadda dajin nan ya yi ta sauya hannu, domin ciwon a nan ya samo asali. A 1956 aka keɓe shi a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara a ranar 1 ga Disamban 1962. Da aka yanka jihohi ya faɗa hannun Jihar Arewa maso Gabas, daga 1976 kuma ya zama na Jihar Bauchi. A 1991 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, Tarayya ta karɓi ɗawainiyarsa. A 2006, zamanin Shugaba Obasanjo da Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, jiharmu ta nemi a dawo mata da abinta, aka dawo mata. Na tuna murnar da muka yi. Cewa muke yi namu ya dawo gida. Amma wanda ya karɓo marayan ɗan'uwansa daga hannun wani, ba rungumar ranar farko ake duba masa ba, tuwon kullum ake dubawa. Mun karɓi dajin da ya kai murabba'in kilomita 2,244, ba mu karɓe shi tare da wata doka da ta ce ga inda kuɗin ciyar da shi zai riƙa fitowa ba. Tun daga ranar, Yankari ta shiga layin masu jiran kasafin kuɗi, tana gogayya da asibiti da makaranta da titi da albashi. Kowa ya san wanda ake fara mantawa in kuɗi ya yi ƙaranci: wanda ba ya zaɓe, ba ya zanga-zanga, ba ya da ƙungiyar ƙwadago.

Wasu daga cikinku sun san wurin, wasu kuwa iyakarsu ruwan Wikki. Ba laifi ba ne, kusan kowane baƙo haka yake. Ruwan nan garau yake har kana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa digiri 31 ne rani da damina, dare da rana, kuma lita miliyan 21 yake fitarwa kullum zuwa Gaji. Amma Wikki ƙofar gida ce kawai. Cikin gidan akwai giwaye, waɗanda garkensu na daga cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya baki ɗaya. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ga dorina da kada a fadamun Gaji, ga tsuntsaye fiye da iri 350. Akwai kogunan dutse 59 da mutanen da suka sassaƙa da hannu, waɗanda ake kira Kogunan Marshall, ga rijiyoyin Dukke sama da 130, ga tsofaffin matoyan tama na Ampara inda kakanninmu suka narka ƙarfe tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan. Sannan akwai zaki. A duk faɗin Nijeriya, wurare biyu ne masana suka tabbatar zaki ya rage, Yankari da dajin Kainji, kuma na nan ɗin sun yi ƙarancin da in aka yi sake, jikokinmu a jikin tutar sarauta da tatsuniya kawai za su san shi. Sarakunanmu har gobe "zaki" ake ce musu in ana gaisuwa. Ina ganin abin kunya ne a gare mu mu riƙe kirarin mu bar mai kirarin ya ƙare a hannunmu.

Shekarun da nake koyarwa na sha kai ɗalibai. Mu tashi da asuba, mu ratse daga titin Gombe a Dindima, mu shiga ta ƙofar Mainamaji, mu yi tafiyar kilomita 40 da wani abu cikin daji kafin sansani. Akwai shekarar da muka ci karo da garken giwaye suna tsallaka hanya da yamma, uwa a gaba, ƙanana a tsakiya. Motar da ta cika da hayaniyar yara ta yi tsit. Wata yarinya da ke zaune kusa da ni ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, ashe da gaske akwai su." Yaran nan 'ya'yan talakawa ne, ba wanda zai kai su Kenya ko Tanzaniya. In Yankari ta mutu, tasu damar ta mutu ke nan.

Yanzu bari in zo kan kuɗin, kuma zan faɗi abin da nake gani ba tare da kwana-kwana ba. Ba a taɓa rasa gwamnatin da ta kashe wa Yankari kuɗi ba. An yi gine-gine a sansanin Wikki, an gyara ɗakunan kwana, an yi kwaskwarima ba sau ɗaya ba. Kowace gwamnati tana son abin da za a yanke ƙyalle a buɗe, a ɗauki hoto. Sai dai abin da ke riƙe da daji ba ya shiga hoto. Garin kwaki da wake da man gyaɗa ne da mai gadi zai ɗaura a jaka ya shiga sintirin kwana bakwai. Takalmi ne da ƙaya ba ta huda shi. Man mota ne, da tayar babur, da batirin rediyon oba-oba, da harsashi, da alawus ɗin kwanan daji da ya kamata ya shiga hannu ranar da aka dawo, ba bayan wata huɗu ba. Gireda ce da za ta share hanyoyin sintiri bayan damina, da ƙunar gefe da ake yi da wuri kafin ciyawa ta bushe ƙurmus, don kada gobarar bazara ta cinye kurmi. Waɗannan ƙananan kuɗi ne in aka kwatanta da kwangilar gini ɗaya, amma sharaɗinsu su zo a kan lokaci. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a ƙasar nan ya san bambancin "an sa a kasafi" da "an saki kuɗi". Tsakanin waɗannan kalmomi biyu fayil yana iya kwana wata shida a kan tebur. Maharbi kuwa ba ya jiran fayil. Ya san watan da motar sintiri take fake ba mai, kamar yadda ɓarawo ya san gidan da karensa ya mutu.

Mun ga shaidar haka da idonmu. A farkon shekarun da dajin ya dawo hannun jiha ana ƙiyasta giwayen da ɗaruruwa, sai masu neman haure suka yi musu ɓarnar da ta rage su zuwa tsakanin 100 da 150. An rasa rayukan masu gadi a artabu da maharba, magidanta ne masu mata da 'ya'ya a ƙauyukanmu. A 2014 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS mai hedikwata a Amurka, ta miƙa mata kula da sintiri. Abin da ƙungiyar ta yi ba sihiri ba ne. Ta horar da masu gadi, ta ba su guzuri da alawus a kan kari, ta sa wa wasu giwaye abin wuya mai magana da tauraron ɗan'adam don a san inda garke yake, ta ɗauki mutanen ƙauye su riƙa sa ido a kan giwa in ta doshi gona. Kashe giwa ya ragu ƙwarai. Ina yi musu godiya har zuciyata. Amma ranku ya daɗe, ku dubi abin da wannan nasara take faɗa mana. Da ɗan kuɗi kaɗan mai zuwa a kan lokaci aka tsayar da jinin. Kuma kuɗin nan mafi yawansa na masu ba da agaji ne daga ƙetare, waɗanda gobe suna iya juya akalarsu zuwa wata ƙasa. A farkon 2025 duniya ta ga yadda gwamnatin Amurka ta rufe famfon agajinta cikin 'yan makonni, ayyukan lafiya da na noma da yawa a Afirka suka tsaya cak. Wanda ke kwana a tabarmar aro ya san ana iya zuwa a naɗe ta da tsakar dare.

Akwai kuma waɗanda ba a cika sa su a lissafi ba, wato mu maƙwabtan daji. Giwa a idon baƙo abin sha'awa ce, a idon manomin da ke bakin iyaka kuwa tana iya zama musiba. Wata shekara da kaka, ana saura kwanaki a yanke dawa, garke ya faɗa gonar wani maƙwabcina cikin dare. Kafin gari ya waye noman shekara ya zama tattaka. Na same shi zaune a kan kunya, bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. Abin da ya ce mini shi ne, "Malam, in na harbe ta a ɗaure ni, in ta cinye ni kuma wa zan kai wa ƙara?" Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba. Mutumin da aka bari da wannan tambaya, ranar da maharbi ya zo neman masauki ko mai nuna hanya, me kuke tsammani zai yi? Duk dokar kuɗin da ba ta ware kason diyyar gona ba, ta bar ƙofar baya a buɗe. Haka makiyayi. Burtali ya toshe, mashaya ta zama gona, makiyayar da aka keɓe tun zamanin Sardauna an yayyanka ta. In rani ya tsananta, ina zai kora shanunsa in ba inda ya hango ɗanyar ciyawa da ruwan Gaji ba? Kama shi da cin tararsa kaɗai ba ya kashe maganar. Rijiyar burtsatse da dam ɗin shanu da allurar dabbobi a wajen iyaka su ma aikin tsaron daji ne, kuma su ma kuɗi suke ci duk shekara.

Keɓe fili da tsare shi ba baƙon abu ba ne a addininmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u a kusa da Madina a matsayin hima, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza saboda dabbobin baitulmali, ya naɗa mata mai gadi, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa jama'a, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya duba halin mai 'yan dabbobi kaɗan. Tun a wancan zamani an gane cewa keɓe fili aikin hukuma ne, da mai tsaro da aka ɗora wa nauyi, da kuma haƙƙin talakan da ke gefe.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha ji: Yankari ta ciyar da kanta mana, ba ana karɓar kuɗin ƙofa da na ɗaki ba? Ko kuwa a ba ɗan kasuwa haya a huta. Ina goyon bayan a ba ƙwararru harkar ɗakin kwana da abinci, domin gwamnati ba ta iya otal ba, kuma kowa ya ga haka. Amma otal daban, daji daban. Ɗan kasuwa zai share gaban ɗakunansa, zai gyara bakin Wikki, ba zai biya sintiri a lungun da ke nisan kilomita 50 wanda baƙo ba ya taɓa takawa ba, alhali a can ake kashe giwar. Kuɗin ƙofa kuwa ruwan sama ne, wata shekara a samu, wata shekara a yi fari. A 2020 da annobar korona ta rufe duniya, gandayen daji a faɗin Afirka da suka dogara da baƙi sun wayi gari ba ko sisi. Mu nan ma ba sai an je nesa ba. Shekarun da rikicin Boko Haram ya yi zafi, Turawan da a da suke cika sansanin lokacin Kirsimeti sun ɗauke ƙafa, ko da yake ba a cikin dajin ake rikicin ba. Labari ɗaya na tsoro a rediyo ya isa ya kwashe baƙin wata uku. Kuma daidai lokacin da baƙi suka gudu ne daji ya fi buƙatar masu gadi. Ba a ce wa makarantar firamare ta ciyar da kanta, ba a ce wa ofishin 'yan sanda ya nemo albashinsa. Daji ma dukiyar jama'a ce, ribarsa ba duka ake ƙirga ta a ƙofa ba.

Babbar ribar da ba a ƙirgawa ita ce tsaro. Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin firgita yara. Kamuku a Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa. Falgore ta Kano ta yi shekaru matafiya suna addu'a kafin su ratsa ta. Dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa ba ya zama kango haka nan, wani ne zai tare. Mu mutanen Alkaleri ba labari ake ba mu ba, ƙauyukanmu na kudu da ke kusa da iyakar Filato da Taraba sun ɗanɗana harin 'yan bindiga, an binne mutane. Mai girma gwamna Sanata Bala Muhammad ɗan Duguri ne, ya fi ni sanin abin da nake faɗi. Masu gadin Yankari da ke taka dajin nan da ƙafa kullum su ne idon jihar a cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,000. Ku auna kuɗin guzurinsu na shekara da kuɗin da za a kashe in har sai an kawo soja da jirgin yaƙi don ƙwato wurin. Ku auna kuma da abin da ba ya da farashi, wato garuruwan da za su tashi.

Abin da nake roƙo an yi shi a wasu wurare, kuma ya yi aiki. A Amurka kowace jiha tana da gandayenta daban da na tarayya, kamar dai yadda Yankari take a hannunmu, kuma su ma sun sha wahalar kasafin da ke hawa da sauka. Jihar Misuri ta gaji, a 1984 jama'arta suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ƙara dala 1 a kan kowace dala 1,000 ta cinikin kaya, a raba biyu, rabi na gandayen jiha, rabi na kare ƙasar noma da ruwa. An rubuta shi cikin tsarin mulkin jihar, kuma lokaci-lokaci ana mayar da shi gaban masu zaɓe su sabunta ko su soke. Sun sabunta a 1988 da 1996 da 2006, a 2016 kuma kusan kashi 80 cikin 100 suka ce a ci gaba. Shiga gandayen jihar kyauta ne. Abin da ya fi burge ni shi ne haɗa daji da gona a asusu ɗaya, don manomi ya ga nasa a ciki. Jihar Kolorado tun 1992 take zuba wani kaso na kuɗin cacar gwamnati a harkar, wannan kam ba hanyarmu ba ce, addininmu bai yarda ba. Teksas kuwa a 2019 ta kulle harajin kayan wasanni ga gandayenta da wuraren tarihi, don kada majalisa ta riƙa karkatar da shi. Na san jihohinmu ba su da ikon harajin ciniki irin nasu. Darasin da ke ciki shi ne kullewar: a nuna mafitar kuɗi guda, a rubuta a doka, a hana kowa taɓawa.

A nahiyarmu ma akwai abin dubawa. Ruwanda tun 2005 take mayar wa ƙauyukan da ke kewaye da gandayenta kashi 5 cikin 100 na kuɗin yawon buɗe ido, a 2017 ta ɗaga zuwa kashi 10, ana gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da shi. Ga Zakuma a Chadi, maƙwabciyarmu. Giwayenta sun faɗo daga wajen 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010. A shekarar ne gwamnatin Chadi ta ƙulla yarjejeniya mai dogon zango da ƙungiyar African Parks, aka sami kuɗi tsayayye da shugabanci tsayayye. Ba a sha da daɗi ba, domin a 2012 maharba sun kashe masu gadi suna tsaka da sallar asuba, Allah Ya ji ƙansu. Amma ba a janye ba, giwayen da tsoro ya hana haihuwa suka dawo suna haihuwa. Chadi ba ta fi mu arziki ba.

Kuma ba sai mun tsallaka iyaka ba kafin mu ga asusun da doka ta kafa. Duk jami'a da kwalejin gwamnati da kuka shiga a ƙasar nan za ku ga gini da tambarin TETFund, saboda doka ta ɗora wa ribar kamfanoni harajin ilimi ta kulle shi. Legas ta kafa asusun amana na tsaro da doka tun 2007. Wannan majalisa taku ma ta taɓa yin dokar asusun amana na kiwon lafiya. Hanyar a share take, kun san ta.

Don haka ga abin da nake so ku tattauna. A kafa asusun amana na gandayen dajin jiha. A yanka masa ƙaramin kaso na harajin cikin gida, a cire shi tun daga tushe kowane wata kafin a fara rabo. Ku kuka san lissafin jihar, ku za ku tsayar da adadin, ni dai roƙona ya kasance kaso ne cikin 100, ba dunƙulallen adadi da hauhawar farashi za ta cinye cikin shekara uku ba. A haɗa masa da wani ɓangare na kuɗin kula da muhalli da jihar ke karɓa daga asusun Tarayya, domin ban san aikin muhallin da ya wuce tsare babban daji irin wannan a jihar ba. Duk abin da aka karɓa a ƙofa da kuɗin hayar ɗakuna ya tsaya a asusun, kada ya tafi baitulmali a dawo ana roƙonsa. Sannan dokar ta tsara wanda ake fara biya: albashi da alawus da guzurin masu gadi, da inshorar rai ga iyalan wanda ya faɗi a bakin aiki, sai diyyar gona da kason ƙauyuka, kafin a zo kan fenti da labule. In ba a rubuta wannan jeri ba, kwangila ce za ta shige gaba, domin ita ke da masu bin ta ofis-ofis.

Sai maganar Kolmani. A Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙar mai a kan iyakarmu da Gombe, a wannan ƙaramar hukuma tamu ta Alkaleri. Ko man ya fito gobe ko ya ɗauki shekaru, yanzu ne lokacin rubuta cewa in jihar ta fara karɓar kason nan na kashi 13 cikin 100 na jihohi masu arzikin mai, wani yanki nasa na dajin ne da garuruwan da ke kewaye. Yanzu da kuɗin bai zo ba, ba wanda zai yi gardama. Ranar da ya zo, masu hannu da shuni za su riga giwa isa layi. Mun ga abin da mai ya yi wa ruwa da ƙasar Neja Delta. Ƙasar da za ta ba da mai ita ce ƙasar da ke ɗauke da Gaji da Wikki, tana da haƙƙin a tanadar mata abin kariya tun kafin a fara.

Ina da tsoro ɗaya, kuma gara in faɗe shi da bakina. Asusu yana iya zama sabon rumbun ɓera. Wannan ba halin Nijeriya kaɗai ba ne. A 2011 jihar Kalifoniya ta ba da sanarwar rufe gandaye 70 saboda rashin kuɗi, jama'a suka yi ta karo-karo don ceto su, sai a 2012 aka gano hukumar gandayen tana zaune a kan wajen dala miliyan 54 da ba ta bayyana ba. Shugabar hukumar ta yi murabus, amma amanar da ta zube ta daɗe ba ta kwasu ba. Saboda haka kwamitin amintattun asusun kada ya zama na 'yan siyasa zalla. A sa wakilin masarauta, da hakiman yankin, da wakilin manoma da na makiyaya, da mace daga ƙauyukan iyaka, da masani daga jami'a, da wakilin masu gadin kansu. Wa'adinsu kada ya zo ɗaya da na gwamna. Kowane wata uku a buga abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta shi da Hausa da Fulatanci a gidan rediyon jiha, a manna a ƙofar Mainamaji inda mai babur da mai tallan gyaɗa za su gani. Babban mai binciken kuɗi na jiha ya duba littafin duk shekara, ya kawo muku rahoto a zaure.

Na yi ta ambaton Yankari domin ita na sani, amma ba ita kaɗai ba ce. Lame-Burra tana can yamma, masu zarto da masu gawayi suna cin madobiya da ƙirya da kawo, ba ta da ruwan ɗumin da zai jawo mata baƙi ko ɗan jarida. Sumu tana Ganjuwa da raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006, kyautar da wata ƙasa ta ba mu bisa amana. Asusun ya haɗa da su. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da karɓar gandaye 10 daga jihohi ta mayar da su na ƙasa, ciki har da Falgore da fadamar Haɗeja da Kogo ta Katsina da Pandam ta Filato. Jihohi suna miƙa nasu saboda nauyin ya fi ƙarfinsu. Mu kuwa da kanmu muka je muka karɓo namu. Ba na son ranar da za a ce Bauchi ta mayar da Yankari don ta kasa ciyar da ita.

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne. Kafin kasafin kuɗi na gaba ya iso gabanku, kwamitinku mai kula da muhalli da na yawon buɗe ido su kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma kada a yi shi a otal a cikin Bauchi. A yi shi a Alkaleri ko a Mainamaji. A kira masu gadi su faɗi da bakinsu yadda suke kwana a daji, a kira matan waɗanda aka kashe, a kira manoman iyaka da arɗaɗɗan Fulani. In kun zo da rani ne, ku ƙara kwana ɗaya, ku sa a fita da ku bakin Gaji da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da dabbobi ke saukowa ruwa. Ni ma in Allah Ya ba ni rai da lafiya zan zo zaman, tare da maƙwabcina mai gonar dawa, domin ya yi muku tambayarsa da kansa.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Malamin makaranta mai ritaya,
Ƙaramar Hukumar Alkaleri, Jihar Bauchi.